Malamar da ta yaƙi kaciyar mata a Sudan: me ya yi aiki, me ya faskara, kuma ina ya shafe mu?

Malamar Aji Shida, Misau:

Assalamu alaikum. An ɗora wa malamai mata yin magana da iyaye ranar 6 ga Fabrairu, ranar yaƙi da kaciyar mata ta duniya. A takardar da aka raba an ambaci wata Baturiya malamar makaranta, Ina Beasley, wai ta yi wannan aiki a Sudan tun zamanin mulkin mallaka, amma layi biyu kawai aka rubuta a kanta. Wace ce ita, kuma yaya ta yi aikin nata? In har tun wancan lokaci ake fama, me ya sa har yau ake jin Sudan cikin ƙasashen da abin ya fi yawa? Sannan abin da ya fi damuna: iyayen da za su zo cewa za su yi mu nan ba ma kaciyar mata, ta mutanen kudu ce. Me za a ce musu? Masu sani a taimaka, Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa, Bauchi:

Wa alaikumus salam, Malama. Ina Beasley 'yar Ingila ce, an haife ta a 1898, ta rasu a 1994. Kafin Sudan ta koyar a jami'ar Rangun da ke ƙasar Bama. Ta isa Sudan a 1939, lokacin ƙasar tana hannun Ingila da Masar, aka ba ta kula da ilimin 'ya'ya mata na gwamnati, ta riƙe har 1949. Cibiyar aikinta Umdurman, inda kwalejin horon malamai mata take tun 1921. Asalin aikin nata duba makarantu ne da samar da malamai, yau tana jirgin ƙasa, gobe tana babbar mota a cikin rairayi. Maganar kaciya ta ƙofar aji ta shigo mata, don yaran da take kula da su suna daidai shekarun da ake yi musu, malamansu kuwa kusan duka an riga an yi musu.

Sai ki fara sanin wace kaciya ake nufi, don ba irin wadda kunnenmu ya saba ji ba ce. A arewacin Sudan wadda ta fi yawa ita ce wadda suke kira ta Fir'auna. Yarinya tana tsakanin shekara biyar da goma za a yanke ɗan tsaka da leɓɓan gaba, a haɗe gefe da gefe a ɗinke, a bar 'yar kafa kamar kaurin tsinken ashana don fitsari da jinin al'ada. A ɗaure ƙafafunta na makonni har wurin ya haɗe. Daren aure sai an buɗe, ranar haihuwa sai an tsaga, bayan haihuwa a sake ɗinkewa. Mace mai haihuwa takwas, ki lissafa da kanki.

Tun kafin Beasley ta zo an gwada wata dabara, kuma ita ce nake so a fi lura da ita. Wata Baturiya ungozoma, Mabel Wolff, ta buɗe makarantar ungozoma a Umdurman a 1921. Ta yi abin a yaba. Ta ɗauko ungozomomin gargajiya da ba su iya karatu ba, ta koya musu wanke hannu da dafa almakashi, ta koya musu gane magani ta wari da ɗanɗano tunda ba za su karanta rubutun kwalba ba, kowacce ta koma garinsu da akwatin kayan aiki. Amma kan kaciya sai ta ga in ta ce a bari ɗungurungum ba wanda zai kira ɗalibanta, za a koma wa tsofaffin hannu. Sai ta koya musu wata mai sauƙi-sauƙi, a rage yanka, a rage ɗinki, a yi da kaya masu tsabta, da nufin a hankali a daina. Ba a daina ba. Mutane suka sa mata suna kaciyar gwamnati, wato ta samu hatimi ke nan. Ungozomar kuwa abin da take samu bai taka kara ya karya ba, kuɗin kaciya yana cikin abincinta, in kakar yarinya ta ce a ƙara matsewa, ƙarawa za ta yi. Yau a ƙididdigar UNICEF kusan 8 cikin 10 na yaran da ake yi wa kaciya a Sudan ma'aikatan lafiya ne ke yi musu.

A 1945 likitoci Turawa da 'yan Sudan suka fitar da ɗan littafi da Larabci da Turanci yana bayyana illar kaciyar Fir'auna, da goyon bayan Muftin ƙasar da manyan shugabannin addini biyu, Sayyid Ali al-Mirghani na Khatmiyya da Sayyid Abdurrahman al-Mahdi na Ansar. Matsalar ita ce littafi maza ke karantawa a zaure, kaciya kuwa mata ke yin ta a cikin gida, mafi yawansu ba su yi boko ba. A wannan giɓi Beasley ta yi aikinta. Ta dogara ga malamai mata 'yan Sudan da kwalejin ta yaye, su da ungozomomin da aka horar, su ne masu iya shiga har ɗaka su yi wa iyaye mata magana da Larabcinsu. Aiki ne mai tafiyar hawainiya, ba ya fitowa a rahoton shekara.

Gwamnati kuwa tana sauri, ga kuma matsin lamba daga Landan. A 1946 aka sa doka ta haramta ta Fir'auna, aka bar ƙaramar. Da labari ya bazu doka na tafe, iyaye suka yi rige-rige suna kai yara, har waɗanda shekarunsu ba su kai ba, don a yi kafin ta fara aiki. Sannan a watan Satumba na shekarar aka kama wata mata a garin Rufa'a kan kaciyar yarinya. Wani ɗan gwagwarmayar ƙasar, Mahmud Muhammad Taha, ya yi wa jama'a jawabi a masallaci ranar Juma'a, suka ɗunguma sai da aka sako ta, shi kuma ya yi shekara biyu a kurkuku. Abin lura, Taha ba mai son kaciyar ba ne. Hujjarsa ita ce ba a cire al'ada da sanda, balle sandar baƙo, kuma ɗaure matar mutane cin mutunci ne. Kuma Rufa'ar nan ita ce garin da Shehu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907 da yara 17, tara daga gidansa. Ba garin jahilai ba ne. Tun daga rikicin gwamnati ta ja baya, dokar ta zama ta takarda, kuma barin kaciya ya koma kamar bin Bature.

Sakamako ga shi. Binciken da likita Asma El Dareer ta yi daga ƙarshen shekarun 1970, kan mata sama da 3,000, ya samu kimanin 83 cikin 100 ta Fir'auna aka yi musu, shekara talatin bayan haramta ta. A binciken 2014, kashi 86.6 na mata masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu wani nau'i. Sai a Yulin 2020 aka sake haramta ta gaba ɗaya, da ɗaurin da zai kai shekara uku. To ina amfanin su Beasley? A ganina yana cikin ajin. Matan da suka yi makaranta a wancan zamani su suka kafa ƙungiyar matan Sudan a 1952, makarantar Badri ita ce ta zama jami'ar mata ta Ahfad, kuma daga hannun 'yan ƙasa aka samu dabarar da ta fi kowace hikima. A 2008 aka fara gangamin Salima. A da yarinyar da ba a yi wa ba zagi ake kiranta da shi, sai aka ba ta suna mai kyau, salima, wato lafiyayya cikakkiya kamar yadda Allah ya halicce ta. Uwa za ta iya cewa 'yata salima ce ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Ɗan Bajoga:

Baba, Allah ya ƙara basira. Shawarata ga Malama ɗaya ce: kada ki buɗe taro da sunan Baturiya. In kin yi haka, kafin ki kai tsakiya wani dattijo ya ce ga shi nan, dama mun san daga inda abin ya fito. Abin da ya faru a Rufa'a ke nan, ƙarami.

In misalin Sudan kike so, muna da namu a kusa. Nan Burmi, a ƙasar Gombe, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi gabas da jama'a, suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin har yau Mai Wurno ake ce masa. Hausawa da Fulanin da suka zauna a Sudan, su da na hanyar Makka da suka maƙale a can, da yawansu ba su ɗauki kaciyar Fir'auna ba, har maƙwabta kan yi wa 'ya'yansu gori a kai. Alhali alƙibla ɗaya, mazhabar Malikiyya ɗaya, masallaci ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali al'adar wuri ce. Ki ba da wannan, ki ba da Shehu Badri da ya fara da 'ya'yan gidansa, Beasley ta zo a ƙarshe in lokaci ya rage.

Anti Ungozoma, Gombe:

Ƙanwata, iyayen da za su ce miki ba ma yi, rabin gaskiya suka faɗa, kuma ki yarda da rabin kafin ki kawo ɗayan. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, kashi 20 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu kaciya. Kudu maso gabas 35, kudu maso yamma 30, mu arewa maso gabas 6, mafi ƙaranci. Ɗinkin Fir'auna ba namu ba ne. Amma tambayar da aka yi wa mace ita ke kawo amsar. Ki ce mata an yi wa 'yarki kaciya, ta ce Allah ya kiyaye. Ki ce wanzami ya cire mata angurya, ta ce ƙwarai, ranar da aka cire belu. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya kaciyar mata kashi huɗu ce: cire ɗan tsaka, cire shi tare da ƙananan leɓɓa, ɗinkewa, sai na huɗu wanda ya tattara duk wani yanka, tsaga, kankara ko ƙuna da aka yi wa gaban mace ba don magani na asibiti ba. Angurya da yankan gishiri a na huɗun suke. Namu ke nan.

Angurya tukuna. Jaririya sabuwar haihuwa gabanta a kumbure yake, tantanin bakin farji ya yi kauri ya yi fari, wani lokaci har wani ɗan nama ya leƙo waje. Za a ga farin ruwa, wata ma ɗan ɗigon jini a makon farko, nono ya ɗan tasa. Duk wannan sinadaran jikin uwa ne da suka ratsa ta mabiyiya, kuma cikin 'yan makonni suke bajewa da kansu. Shi wannan naman da ya leƙo shi ake nuna wa kaka a ce ga angurya, in ba a cire ba za ta toshe, yarinya za ta ƙi miji. Da an jira arba'in da an neme shi an rasa. Akwai toshewar tantani ta gaskiya, amma ba ta da yawa, akasari sai an balaga take bayyana, yarinya tana ciwon mara wata-wata jini bai fito ba, kuma ƙaramin aiki ne a asibiti.

Abin da ke sa yankan ya zama haɗari lissafi ne mai sauƙi. Jariri yana da jini kamar mililita 80 zuwa 85 a kowane kilo. Mai kilo uku ke nan duk jinin jikinta kusan mililita 250 ne, rabin ledar fiya wata. Babban cokali biyu ya zuba, ta rasa fiye da kashi goma cikin ɗari. Ga shi a makon farko jinin jariri bai iya daskarewa da kyau ba saboda ƙarancin bitamin K, shi ya sa ake yin allurarsa a ɗakin haihuwa, wadda aka haifa a gida kuwa ba ta samu ba. Jinin kuma cikin tsumma yake tafiya, ba a gani sai an zo canzawa. Sai askar da ta yi aski, ta yi ƙaho, ta cire belun wani yaro da safe. Ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke iya bi. Tetanas, wato ciwon sarƙe haƙora, yakan bayyana kwana uku zuwa sha huɗu bayan yankan: jaririyar da take tsotso lafiya ta kasa kama nono, baki ya ƙulle, jiki ya sandare, tana zabura in an taɓa ta ko an yi ƙara. A gida sai a ce iska ce ko tsuntsu, a tafi neman hayaƙi, alhali kowace awa tana da tsada.

In an riga an yi kuma jini na zuba: a samu tsumma mai tsabta, wankakke, a danne wurin da yatsa minti goma cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Kada a zuba toka, gawayi, garin magani, hoda ko man zafi. A ci gaba da ba ta nono, a lulluɓe ta, a kama hanyar asibiti ana danne da wurin. Tafin hannu da leɓe sun yi fari, jiki ya yi sanyi, numfashi sama-sama, ta yi laƙwas, ko ta wuni ba ta jiƙa tsumma ba, duk alamun gaggawa ne. A asibiti a faɗi gaskiyar abin da aka yi da ranar da aka yi. Ɓoyewar tsoron faɗa ita ke sa a ɓata lokaci ana neman cuta a wani wuri.

Yankan gishiri kuwa na manya ne, kuma shi ya fi ɓarna mai daɗewa. Ana yin sa ga amaryar da ke jin zafin kwanciya, ga wadda al'ada ta ɗauke, ga mai neman haihuwa, ga mai ƙaiƙayi, uwa uba ga mai doguwar naƙuda. A sa aska ko reza a tsaga bangon farji, akasari ta sama. Bayan wannan bango, ba tazarar kirki, hanyar fitsari ce mai tsawon santimita huɗu kacal, a bayanta mafitsara. Hannu ya ɗan nutsa an huda. In ta ƙasa aka tsaga, dubura ce a wurin. A wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Zariya kan mata 1,443 masu yoyon fitsari, wanda aka buga a 1983, kashi 13 cikin 100 gishiri ne ya jawo musu. Abin takaicin, a doguwar naƙuda ba nama ne ya tare hanya ba. Kan yaro ne ya fi ƙarfin ƙashin ƙugu, ko kwanciyarsa ba daidai ba. Ko an tsaga nama sau goma ƙashi yana nan. An ƙara mata zubar jini a kan wahala, an kuma ci awannin da za a kai ta tiyata. Naƙuda ta wuce awa goma sha biyu ba haihuwa, mota za a nema.

Wadda fitsari ya fara bin ƙafarta bayan yanka ko bayan haihuwa, kada a zauna jiran a gama wankan jego. In ta zo da wuri aka sa mata robar fitsari na mako huɗu zuwa shida tana shan ruwa da yawa, ƙaramar huda takan rufe ba tiyata. Kuskuren da ake yi shi ne rage shan ruwa don yoyon ya ragu, sai fitsarin ya yi kauri ya ci fata, ya ƙara wari, ya tara tsakuwa. Muna da cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa a Ningi, akwai irinta a Babbar Ruga ta Katsina, kuma aikin gyaran kyauta ne. Bayan gyara sai an ƙaurace wa miji wata uku zuwa shida yadda likita ya ce, haihuwa ta gaba kuma a asibiti. A nan ne gyara ya fi lalacewa, don haka a faɗa wa mijin a gaban likita, kada a bar mata saƙon ta kai.

Malam Na Ƙofar Ran:

Hajiya Ungozoma ta gama magana, Allah ya biya. Ta fuskar addini, Malama, ki yi hattara da faɗin abin da ɗalibin Islamiyya zai kama ki a kai. In kika ce babu maganar kaciyar mata a littattafanmu sam, wani zai buɗe miki Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka ce kaciya sunna ce ga maza, khifadi kuma, wato ta mata, makruma ne, abin girmamawa gare su. Yana nan. Abin da za ki iya faɗa ba gardama shi ne a Malikiyya ba wajibi ba ne, wadda ba a yi mata ba ba ta da laifi, sallarta da aurenta lafiya lau. Shafi'iyya ne suka wajabta. Hadisin Ummu Aɗiyya da ake kafa hujja da shi, Abu Dawuda da ya ruwaito shi da kansa ya raunana shi. Ga kuma ƙa'idar la darara wa la dirara, ba cuta ba cutarwa, tana cikin Arba'una Hadisi da yara ke haddacewa. A kanta Muftin Masar Ali Jumu'a ya tsaya a 2007 ya ce haramun ne, bayan wata yarinya ta mutu a hannun likita wurin kaciya, Masar ta sa doka a 2008.

Amma ni ban ga dalilin da zai sa ki shiga wannan fagen da ƙafarki ba. Angurya da gishiri ba su ne khifadi ba. Ba littafin fiƙihun da ya ce a kankare tantanin jaririya, ko a tsaga mai naƙuda da aska. Maganin wanzanci ne, kamar ƙaho da cire belu, kuma magani da sakamakonsa ake auna shi. Ki bar muhawarar mazhaba ga limami in wani ya tayar, ke ki tsaya inda ba mai ja da ke.

Malamar Aji Shida, Misau:

Na gode ƙwarai, Baba, Anti, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Saura biyu. In wata ta ce to a kai asibiti a cire anguryar da tsabta fa? Kuma a ambaci doka a taron ko a bari?

Anti Ungozoma, Gombe:

Ta farkon ai Baba ya riga ya amsa da labarin Mabel Wolff. Ba abin cirewa, don haka ba wurin da ya dace a cire. Ma'aikacin lafiyar da ya karɓi kuɗi ya yi ya saɓa wa ƙa'idar aikinsa, kuma farar riga tana ba abin daraja fiye da zabirar wanzami. Abin da za a ce wa uwa shi ne ta kawo yarinyar a duba, a nuna mata, a ce ta dawo ranar allurar mako shida a sake dubawa tare. Idonta zai ga naman ya baje.

Doka a ambace ta sau ɗaya, a ƙarshe, ba da muryar barazana ba. Dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane ta sa ɗaurin da zai kai shekara huɗu, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyu, ga wanda ya yi da wanda ya sa aka yi. Ita a Abuja take aiki, sai jiha ta yi tata. Bauchi ta yi a 2020, Gombe a 2022. Amma wa zai kai ƙarar surukarsa? In kika daka tsawa da doka abin da za ki samu shi ne a daina faɗa, jaririya tana zubar da jini a ƙi kai ta asibiti don tsoron 'yan sanda.

Ki duba kuma wa kike gayyata. Beasley ɗalibanta ake yi wa, tana iya kallon yarinya ta san hutun nan za a yi mata. Ke naki 'yan aji shida an wuce wurin tun suna cikin tsumma, don fiye da kashi 80 na waɗanda aka yi wa a ƙasar nan kafin shekara biyar aka yi. Waɗanda za ki iya ceta ƙannensu ne da ke ciki yanzu. Mai jego kuwa, balle ta fari da ta je wanka gida, ba ta da baki a makon suna, kunya ma ba za ta bar ta ta ce uffan kan jaririyar ba. Kaka ce ke cewa a kira wanzami, uba ne ke biya. To kakanni za ki nema, ta hannun uwargidan mai unguwa da malamar Islamiyyar matan aure, a zauna mata zalla a cikin gida, mutum ashirin sun isa. Maza kuma malami namiji da limami su same su daban. In aka haɗa su wuri ɗaya ba wadda za ta buɗe baki.

Ki fara da tambaya, kada ki fara da jawabi. Me ake yi wa jaririya daga haihuwa zuwa suna? Su za su lissafo: yanke cibi, gashi, belu, angurya, aski. Ki yi amfani da kalmominsu, kalmar kaciya ma ba sai ta fito ba. Ki zo da ledar fiya wata da kofi da babban cokali. Ki juye rabin ledar a kofi ki ce ga jinin jaririya duka, ki ɗebe cokali biyu ki zubar a ƙasa a gabansu. Ki zo da ungozomar asibitin garin ta amsa tambayoyin jiki, don su ga fuskar da za su tarar in sun je.

Wanzami kuma kada a mai da shi abokin gaba. Sana'ar gado ce, yana da kuɗinsa da hatsinsa da kason naman suna, kuma ana jin maganarsa a gidajen da ba a jin taki. A bi ta wurin Sarkin Aska, da sanin mai gari, kafin ranar taro. Abin da za a nema bayyananne ne: askin suna yana nan da sabuwar reza, ladansa yana nan cif ko haihuwar mace ce, a bar gaban yarinya da belunta. Uba ya faɗa da bakinsa tun ranar haihuwa, a gaban kaka, cewa zai biya cikakke ba tare da an taɓa ba. In aka bari sai wanzami ya shimfiɗa tabarma ya buɗe zabira, an makara.

Daga nan ki rubuta sunayen ɗalibanki da iyayensu mata ke da ciki, ki ba ungozomar, ita ta bi su ta wajen awo. A watan takwas na cikin ake wannan magana, da kakar a zaune.